Sir William Leishman: Likitan Soja Da Ya Raba Kala-azar Da Zazzaɓin Cizon Sauro

Cikin likitocin Turai da suka yi aikin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a farkon ƙarni na 20, kaɗan ne sunansu ya zauna daram a bakin ma'aikatan asibiti kamar sunan Sir William Boog Leishman. Duk ɗalibin da ya koyi aikin gwajin jini, ko a Zariya ne, ko a Ibadan, ko a Hartum, ya san rinin nan da ake kira da sunansa, wanda akan ɗiga wa jini a kan gilashi kafin a duba shi cikin madubin likita mai ƙara girman abu. Har ila yau kuma akwai wasu cututtuka 'yan gida ɗaya da likitocin duniya ke kira leishmaniasis, su ma daga sunansa aka samo nasu. Mafi muni a cikinsu ita ce wadda ke kama kayan ciki, watau kala-azar, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tana kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ta kwantar idan ba a yi musu magani ba.

Babban abin da ake tunawa da wannan mutum saboda shi kuwa shi ne, a zamanin da manyan likitoci ke ɗaukar kala-azar a kan wani irin mugun zazzaɓin cizon sauro ne, shi ya fara bayyana wa duniya cewa akwai wata ƙwayar cuta dabam a cikin saifar masu ciwon. Daga nan ne aka samu hanyar rarrabe cututtukan biyu, aka kuma daina ɗura wa mutane kwinin a kan ciwon da ba ya jin kwinin.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi William Leishman a birnin Glasgow na ƙasar Sikotilan ran 6 ga watan Nuwamba na 1865. Mahaifinsa, wanda shi ma William Leishman ne sunansa, shehun malami ne mai koyar da ilmin karɓar haihuwa a Jami'ar Glasgow, saboda haka a gidan likita ya buɗe ido. Ya yi karatu a makarantar Westminster da ke Landan, sa'an nan ya koma Glasgow ya shiga jami'a, inda ya kammala karatun likita cikin 1886. A shekarar da ta biyo baya ya shiga aikin likitan soja na Ingila.

Cikin 1890 aka tura shi Indiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Ingila. Ya yi kusan shekara bakwai a can, har ya bi rundunar da aka tura Waziristan tsakanin 1894 da 1895. Zaman Indiya ya nuna masa abin da duk likitan soja na wancan zamani ya sani, watau cuta ta fi harsashi cin sojoji. Zazzaɓin taifot da na cizon sauro da atuni su ne ke cika gadajen asibitocin bariki, ga kuma wasu zazzaɓoɓi da ba wanda ya san asalinsu, sai dai a laƙaba musu sunan garin da aka kamu da su.

Cikin 1897 ya koma Ingila, aka ajiye shi a babban asibitin soja da ke Netley kusa da Southampton, inda akan sauke sojojin da suka dawo da rashin lafiya daga ƙasashen waje. A nan ne kuma makarantar likitocin soja take, kuma a nan ya haɗu da Almroth Wright, shehun malamin ilmin sanin asalin cututtuka, wanda a lokacin yake fama da aikin haɗa allurar rigakafin taifot. Cikin 1900 aka naɗa Leishman mataimakinsa.

Ciwon Da Ya Rikita Masana

Kafin a fahimci darajar abin da ya gano a Netley, ya kamata a san halin da ake ciki game da kala-azar a wancan lokaci. Sunan daga harshen mutanen arewacin Indiya ya fito, ma'anarsa baƙin zazzaɓi ko baƙar cuta, saboda yadda fatar wasu masu ciwon kan yi duhu. Cikin ƙarni na 19 annobarsa ta yi ta ratsa lardin Bengal, daga baya ta shiga Assam, ta bi kwarin kogin Brahmaputra tana cin ƙauye bayan ƙauye, har mutane suka riƙa gudu suna barin gidajensu da gonakinsu.

Gwamnatin Indiya ta tura masana su binciko dalili. Wani likita mai suna Giles ya ɗora laifin a kan tsutsar ciki mai shan jini. Leonard Rogers, cikin 1897, ya ga cewa wani irin zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani. Ronald Ross kansa, mutumin da ya tabbatar cewa sauro ke yaɗa maleriya, da aka tura shi Assam cikin 1898, ra'ayinsa bai yi nisa da wannan ba. Ba kuwa sakaci ne ya jawo haka ba. Cututtukan biyu sun yi kama ƙwarai a ido, dukansu suna kawo zazzaɓi da kumburin saifa da ƙarancin jini, kuma a ƙasa ɗaya suke zaune, har sau da yawa akan samu ƙwayar maleriya a jinin mai kala-azar. Abin da ya hana a natsu da wannan bayani shi ne, ana ba da kwinin amma mutane na ci gaba da mutuwa.

Sojan Dum Dum

Dum Dum wani barikin soja ne kusa da Kalkata, kuma sojojin Ingila sun daɗe suna kiran wani naci-nacin zazzaɓi da ake kamuwa da shi a can da sunan zazzaɓin Dum Dum. Cikin 1900 aka kawo Netley wani soja da ya kamu da shi. Ya yi watanni a kwance, zazzaɓi na tafiya yana dawowa, jini ya ƙare masa, jiki ya rame, saifa kuwa ta kumbura ƙwarai, har ya rasu cikin watan Nuwamba na wannan shekara. Leishman ya binciki gawar, ya shafa ɗan abin da ya ɗebo daga saifar a kan gilashi, ya rina, ya duba.

A daidai wannan lokaci yana cikin gyaran wata hanyar rina jini da wani likitan Rasha, Romanowsky, ya fito da ita. Hanyar ta asali tana da wuyar sha'ani, kuma ba kullum take ba da sakamako iri ɗaya ba. Leishman ya haɗa shuɗin rini da jan rini, ya narkar da su cikin wani irin sinadarin barasa wanda ke kafe jinin a kan gilashi sa'ad da rinin ke kama shi, ta yadda aikin da kan ci lokaci mai tsawo ya koma na 'yan mintoci. Ya bayyana wannan hanya cikin 1901, kuma har yanzu ana amfani da ita a ɗakunan gwaji na asibitoci da yawa.

Abin da ya gani a saifar sojan nan shi ne ɗimbin wasu 'yan ƙananan halittu masu siffar ƙwai, sun fi jajayen ƙwayoyin jini ƙanƙanta, kowace da ɗigo biyu a cikinta, ɗaya babba mai zagaye, ɗaya ƙarami kamar ɗan sanda. Ba su yi kama da ƙwayar maleriya ba, ba su kuma yi kama da wani abin da ya sani ba. Bai yi garajen shelanta su ba. Ya rubuta abin da ya gani, ya adana gilasansa, ya yi shiru fiye da shekara biyu. Sai da wata rana yana duba gawar wani ɓera da aka sa wa ƙwayar cutar sammore, irin wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya ga wasu halittu masu kama da waɗancan, sa'an nan ya ga yana da abin faɗa. Cikin watan Mayu na 1903 ya buga bayaninsa a mujallar ƙungiyar likitocin Ingila, inda ya kawo shawarar cewa mai yiwuwa akwai dangin ciwon barci a Indiya, kuma mai yiwuwa su ne asalin zazzaɓin Dum Dum da kala-azar.

Hasashen nan bai faɗa daidai ɗari bisa ɗari ba, domin abin da ya gani ba ƙwayar ciwon barci ba ce. Amma ya kusa ƙwarai, tun da yake daga baya an tabbatar cewa halittun biyu 'yan dangi ɗaya ne.

Donovan Da Gwajin Mai Rai

A Madras, can kudancin Indiya, akwai wani likita ɗan asalin Ailan mai suna Charles Donovan, wanda shi ma ya ga irin waɗannan halittu a saifar wasu da suka mutu a asibitinsa. Da bayanin Leishman ya iso masa, sai ya so ya kawar da wata shakka, watau ko abin nan da ake gani ruɓewar gawa ce kawai ke kawo shi. Cikin watan Yuni na 1903 ya soka allura a saifar wani yaro mai zazzaɓi yana da ransa, ya zuƙo ɗan abin da ke ciki, ya rina, sai ga halittun nan tsaf. Ya buga nasa bayanin cikin watan Yuli. Wannan shi ne mafarin gane kala-azar a jikin mai rai, lokacin da ganewar ke iya yi masa amfani.

An yi 'yar muhawara a kan irin halittar da kuma wanda ya riga ganinta. Ronald Ross ne ya raba gardamar kafin ƙarshen 1903, ya nuna cewa sabon jinsi ne, ya kuma raɗa masa suna Leishmania donovani, ya haɗa sunayen mutanen biyu. Cikin 1904 aka tabbatar da samun halittar a jikin masu kala-azar na Assam, kuma a shekarar ce Leonard Rogers ya rene ta a kwalba ya ga ta fito da wutsiya kamar danginta na ciwon barci. Har ila yau cikin 1904 wani likita mai suna Sheffield Neave ya gan ta a saifar wani yaro a Sudan, aka gane cewa cutar ba ta Indiya kaɗai ba ce.

Yadda Cutar Ke Bayyana Ga Babba

Ƙwayar tana shiga jiki ne ta cizon macen wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da ƙyashi, wanda Turawa ke kira ƙudan rairayi. Bai kai sauro girma ba, ba ya kuka, kuma daga faɗuwar rana zuwa asuba yake cizo. Da ta shiga, sai ta ɓuya cikin ƙwayoyin jikin da aikinsu shi ne cinye cuta, ta yi ta hayayyafa a saifa da hanta da ɓargo. Mutane da yawa kan ɗauke ta ba tare da sun kwanta ba. Ga wanda za ta kwantar kuwa, yawanci akan yi wata biyu zuwa shida kafin alamu su fito, wani lokaci ma fiye da shekara, har mutum ya manta da tafiyar da ya kamu a cikinta.

Alama ta farko ita ce zazzaɓi mai naci, wanda kan wuce mako biyu yana sauka yana tashi ba bisa ƙa'ida ba. Abin da kan yaudari babba shi ne, a farkon lamari yakan iya ci gaba da harkokinsa, ya sha maganin maleriya, ya ga kamar ya samu sauƙi, sa'an nan zazzaɓin ya komo. Sannu a hankali sai rama ta shigo, hannuwa da ƙafafu su zama sirara, ciki kuwa ya yi girma saboda saifa ta kumbura ta sauko daga ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har ta wuce cibiya. Hanta ma takan kumbura, amma ba kamar saifa ba. Jini yakan ragu, idanu da tafin hannu su yi fari, kasala ta yi yawa. A Sudan an fi ganin kumburin kaluluwa a matsematsi da hammata da wuya, duhun fata kuwa an fi saninsa a Indiya.

Idan ciwon ya yi nisa, fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki sukan ragu, haka ma waɗanda ke sa jini ya daskare. Daga nan sai haɓo da zubar jini daga dasashi, sai kumburin ƙafafu, sai kuma wasu cututtuka su samu ƙofa, kamar ciwon huhu da tarin fuka da gudawa. Sau da yawa waɗannan ne ke ƙarasa majinyacin. Ga manya akwai ƙarin haɗari idan cutar ta haɗu da ƙanjamau, domin alamun kan rikice, magani ba ya ci sosai, kuma ciwon kan yi ta komowa.

Hanyoyin Tabbatarwa

Tun da yake maleriya da taifot da tarin fuka da tsargiyar hanji da sankarar jini duk suna iya kawo wasu daga cikin alamun nan, likita ba ya yanke hukunci da ido kawai. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashen da cutar take ita ce, duk wanda ya yi zazzaɓi fiye da mako biyu, ga kumburin saifa ko rama, kuma an gwada ba a ga maleriya ba, ko an yi maganinta bai warke ba, to a gwada shi saboda kala-azar.

Hanyar da ta fi tabbaci har yanzu ita ce ta Leishman da Donovan, watau a ga ƙwayar da ido cikin madubi. Ruwan saifa ya fi nuna ta, domin akan same ta a fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, sai dai sukar saifa na iya jawo zubar jini a ciki, saboda haka ƙwararre ne kaɗai ke yi, a asibitin da ke da halin ƙarin jini. Zuƙo ɓargo ko ruwan kaluluwa ya fi sauƙin haɗari, amma ya fi saurin kuskure ƙwayar. A farkon shekarun 1920 wani likita a Kalkata mai suna Napier ya fito da gwaji mai arha, inda akan ɗiga sinadarin fomalin cikin ruwan jinin majinyaci, idan ya daskare ya yi fari kamar dafaffen ƙwai sai a zargi cutar, ko da yake wasu cututtukan ma kan sa haka. Cikin shekarun 1980 aka samu gwajin da ake kira DAT, cikin shekarun 1990 kuma aka samu wanda ake kira rK39, ɗan tsinken takarda da akan ɗiga wa jini daga yatsa a ga sakamako cikin mintoci. Wannan ya kai gwaji har ƙananan asibitocin karkara. Amma yana da iyakarsa: ya fi aiki a Indiya bisa ga gabashin Afirka, yakan kuskure ga mai ƙanjamau, kuma yakan ci gaba da nuna alamar cuta bayan an warke, don haka ba ya iya tabbatar da komowar ciwo. A manyan asibitoci akwai kuma gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar kanta cikin jini.

Rigakafin Taifot Da Sauran Ayyukansa

Leishman bai tsaya kan kala-azar ba. Bayan Wright ya bar aikin soja cikin 1902, shi ya gaje shi a kujerar shehun malami cikin 1903, makarantar kuwa ta koma Landan. A yaƙin da Ingila ta yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 taifot ya kashe dubban sojoji, allurar Wright kuma ta jawo gardama mai zafi har aka dakatar da ita. Leishman aka ɗora wa nauyin gyara ta. Ya yi shekaru yana daidaita yadda ake haɗa ta da yawan da ake bayarwa, yana kuma bin lissafin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba cikin rundunonin da aka tura ƙasashen waje, har aka gamsu aka mayar da ita. Amfanin wannan ya fito fili a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda taifot bai yi wa sojojin Ingila irin ɓarnar da ya saba ba. Ya kuma yi bincike a kan ƙwayar wani zazzaɓi mai komowa da kaska ke yaɗawa a Afirka.

An ba shi lambar girma ta Sir cikin 1909, aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila cikin 1910. Cikin 1913 yana cikin kwamitin da gwamnatin Ingila ta kafa domin binciken cutar shawara a Afirka ta Yamma. Lokacin yaƙi ya yi aiki a Faransa a matsayin mai ba rundunar Ingila shawara kan cututtuka. Cikin 1923 aka naɗa shi shugaban dukan likitocin sojan Ingila, da muƙamin Laftanar-Janar, kuma a kan wannan aiki yake har ya rasu ran 2 ga watan Yuni na 1926, yana da shekara 60. An binne shi a maƙabartar Highgate da ke Landan.

Bayan Rasuwarsa

Ya rayu ya ga an samu magani, domin a farkon shekarun 1920 wani likita ɗan Indiya, Upendranath Brahmachari, ya haɗa allurar da ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa a Assam da Bengal. Amma bai ga ranar da aka tabbatar da mai yaɗa cutar ba, don sai cikin 1942 aka nuna a Indiya, ba tare da sauran shakka ba, cewa cizon ƙudan rairayi ne. A yau akwai magunguna da ke warkar da mafi yawan waɗanda aka gano da wuri, kuma cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Bangladesh ta rage cutar har ta fita daga sahun manyan matsalolin lafiyar jama'arta.

Duk da haka hukumar na ƙiyasta cewa mutum 50,000 zuwa 90,000 ke kamuwa a kowace shekara, kuma ba a samun rahoton ko rabinsu. Nauyin ya fi yawa yanzu a gabashin Afirka, watau Sudan da Sudan ta Kudu da Habasha da Kenya da Somaliya, sai kuma Barazil da Indiya. A yammacin lardin Upper Nile, wanda yanzu ke cikin Sudan ta Kudu, an ƙiyasta cewa annobarta ta kashe kimanin mutum 100,000 tsakanin 1984 da 1994, lokacin da yaƙi ya raba mutane da asibiti. A Sudan kuwa cibiyarta ita ce jihar Gadarif, ƙasar baƙar laka mai tsagewa da rani, mai yawan aduwa da itacen ƙaya da Larabawa ke kira talha, inda ƙwaron ke samun mafaka. Cikin mazauna ƙauyukan wannan jiha akwai Hausawa masu yawa, jikokin waɗanda suka yada zango a kan hanyar Makka.

Saboda haka duk ɗan kasuwa ko ɗalibi ko ma'aikacin da ya zauna a waɗannan wurare, ya dawo gida, sa'an nan zazzaɓi ya kama shi ya ƙi jin maganin maleriya har ya wuce mako biyu, wajibi ne ya gaya wa likita inda ya je, ko da an yi watanni da dawowarsa. Likitan da bai saba ganin kala-azar ba ba zai neme ta ba sai an ba shi dalili, kuma ba a ganin ƙwayar da Leishman ya gani cikin 1900 sai an ɗebo, an rina, an duba.